Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Manazarta Harkokin Kasuwanci

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, 'yan uwa mambobi da abokan aiki.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, kwamitin zartarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da aka faro ba a kammala ba, da wanda muke neman amincewarku a kansa. Ni sakatare na rubuta a madadin kwamitin, kuma duk inda ra'ayin nawa ne ni kaɗai, zan faɗa.

A zaman farko na shekara an ba kowa dama ya faɗi abin da ya fi damunsa a wurin aiki, sai koke ɗaya ya yi ta fitowa daga bakuna daban-daban: ba a kiran manazarci, wato mai gano ainihin abin da kamfani ke buƙata kafin a nemi mafita, sai an gama yanke shawara. Shugabanni sun zaɓi manhajar da za a saya, an sa hannu da ɗan kwangila, sannan a ce manazarci ya zo ya rubuta buƙatu. Wasu ma sun ce an mayar da su masu rubuta bayanin taro, su ɗauki abin da aka faɗa su miƙa wa masu rubuta manhaja, shi ke nan. A irin wannan hali duk gargaɗin da manazarci zai yi ya zama ihu bayan hari. Wannan koke ne ya sa muka sauya jadawalin shekarar, muka rage laccoci muka ƙara zaman gwaji.

Kafin mu shiga gwajin sai da muka koma tushe. Cibiyar IIBA ta manazarta harkokin kasuwanci na duniya, wadda aka kafa a birnin Toronto na Kanada a 2003, ita ce ta tattara ilimin wannan sana'a a kundin BABOK, wanda bugunsa na 3 ya fito a 2015. Kundin ya gina aikin a kan abubuwa 6 da ba sa rabuwa: sauyi, buƙata, mafita, masu ruwa da tsaki, amfani, da yanayin da ake ciki. Abin da muka jaddada wa juna shi ne buƙata tana gaba da mafita. Manajan aiki yana kula da lokaci da kuɗi da ma'aikata don a gama abin da aka sa a gaba. Shi kuwa manazarci, nauyin da ke kansa shi ne ya tabbatar abin da aka sa a gaban shi ne zai magance matsalar. Ana iya gama aiki a kan lokaci, ba a ƙara ko sisi ba, kuma ya tashi a banza don ba shi ake buƙata ba tun farko.

Zaman da ya fi kowanne armashi shi ne na koyon zaƙulo buƙatu daga bakin mutane. Kwamitin ilimi ya ƙago wani kamfanin rarraba kaya na gwaji, aka raba wa tsofaffin mambobi matsayi: wani manaja, wata mai karɓar oda, wani mai kula da sito, wani akanta. Manajan ya shigo da maganarsa a shirye, wai yana so a gina masa manhajar bin diddigin kaya saboda abokan ciniki na kukan jinkiri. Rukunonin farko duk sun karɓi maganar yadda ta zo, suka duƙufa suna zana yadda fuskar manhajar za ta kasance. Rukuni ɗaya ne ya tsaya ya yi ta tambayar "me ya sa?", dabarar nan ta maimaita tambaya sau 5 da kamfanin Toyota ya shahara da ita. Me ya sa kaya ke jinkiri? Don suna kwana a sito. Me ya sa suke kwana? Don mai sito yana jiran tabbacin biya. Me ya sa tabbacin ke daɗewa? A nan ne ta fito cewa sashen oda da sashen kuɗi kowanne da irin lambar da yake ba abokin ciniki, sai akanta ya zauna ya haɗa su da hannu kowace yamma. Da an gina manhajar, da abin da za ta yi kawai shi ne ta nuna wa abokin ciniki cewa kayansa na nan a sito.

Na daɗe a kan wannan zama ne saboda, a ganina, shi ne ya fi nuna inda gibinmu yake. Mambobinmu sun iya rubutu da zane, amma da yawa na jin nauyin su sake tambayar babba bayan ya ba da umarni. Ba rashin ladabi ba ne ka ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, idan an gina wannan, me kake so ka ga ya sauya?" Iyayen ƙungiya da suka daɗe a fagen sun nuna yadda ake yin irin wannan tambaya ba tare da an muzanta kowa ba, da kuma muhimmancin zama kusa da ƙaramin ma'aikaci a ga yadda yake aikin da idanu, domin abin da mutum ke cewa yana yi da abin da yake yi a zahiri sukan sha bamban.

An kuma yi bita a kan zana tafiyar aiki da tsarin BPMN, wanda hukumar OMG mai tsara ƙa'idojin fasahar kwamfuta ta fitar da bugunsa na 2.0 a 2011, da wata a kan jera buƙatu bisa fifiko da dabarar MoSCoW: wajibi, wanda ya kamata, wanda za a iya, da wanda ba yanzu ba. Duka biyun sun samu halarta mai kyau, kuma an ajiye darussan a rumbun ƙungiya na intanet.

Muhawarar da ta fi zafi ta taso ne a kan salon aiki na Agile. Tun bayan sanarwar da mutum 17 suka fitar a jihar Utah ta Amurka a 2001, kamfanoni da dama sun bar rubuta dogon kundin buƙatu, suka koma gina manhaja kashi-kashi. Jagorar Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin Agile, a bugunta na 2020 ta ambaci nauyi 3 ne kacal a cikin tawaga, kuma babu sunan manazarci a ciki. Wasu matasanmu sun ɗauki hakan a matsayin alamar sana'ar na gushewa. Waɗanda ke aiki a irin waɗannan tawagogi sun ce ba haka abin yake ba: har yanzu sai an samu mai tsaga babban buri zuwa ƙananan ayyuka, ya rubuta sharuɗɗan da za a ce aiki ya karɓu, ya gano inda buƙatun sassa biyu suka yi karo. Ba a tashi da matsaya guda ba, kuma ban ga laifin hakan ba. Haka ma zaman da aka yi a kan ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 mambobi ke amfani da irin waɗannan manhajoji wajen taƙaita hira da tsara rubutu. Kwamiti ya ja kunne a kan abu biyu: kada a zuba sirrin ma'aikata ko bayanan abokan ciniki a cikinsu ba da izini ba, kuma duk abin da suka rubuta sai an mayar wa masu ruwa da tsaki sun tabbatar.

Game da takardun shaida, zauren karatu na mako-mako ya ci gaba ta intanet, kuma muna taya waɗanda suka ci jarrabawa murna. Muna tunatar da masu shiri cewa CCBA, takardar shaidar IIBA ta masu matsakaicin gogewa, na buƙatar awa 3,750 na aikin nazari a cikin shekara 7, ita kuwa CBAP ta ƙwararru tana buƙatar awa 7,500 a cikin shekara 10 da kuma awa 35 na horo. ECBA ta sababbin shiga ce. Akwai kuma PMI-PBA, ta cibiyar manajojin ayyuka ta PMI, ga masu aiki kafaɗa da kafaɗa da manajojin ayyuka. Abin da ke kayar da mutane tun kafin jarrabawa shi ne rashin ajiye lissafin awanninsu, don haka kowa ya buɗe kundi tun yau yana rubuta aikin da ya yi da fannin da ya faɗa a cikin fannonin ilimi 6 da BABOK ya kasa aikin nazari.

Shirin haɗa sababbi da ƙwararru ya soma da ƙarfi, amma wajen tsakiyar shekara wasu haɗe-haɗen suka yi sanyi, galibi don ba a tsayar da lokacin ganawa ba. Masu neman jagora kuma sun fi masu ba da kansu yawa. Muna roƙon manyanmu su taimaka, ko da awa guda ce a wata. Ziyarar da aka kai wa ɗaliban kwamfuta da na harkokin kasuwanci ta nuna mana cewa da yawansu ba su taɓa jin akwai wannan sana'a ba, kuma su ne suka fi yin tambayoyi masu ma'ana.

Ma'aji zai gabatar da cikakken lissafin kuɗi bayan mai bincike ya duba shi. A taƙaice, kuɗin mambobi ne ya ɗauki nauyin kusan komai, ba a bin ƙungiya bashi, amma akwai waɗanda ba su sabunta rajista ba. Muna godiya ga masu aikin sa kai da suka riƙe zauren karatu da rumbun darussa.

Abin da ba mu cimma ba shi ne zama da shugabannin ma'aikatu da kamfanoni. Koken da aka fara shekara da shi ba zai warware a tsakaninmu kaɗai ba, tunda masu kiran manazarci a makare ba sa cikin zaurenmu. Saboda haka kwamiti zai nemi babban taro ya amince da abu 3: a shirya zama na musamman da shugabanni da jami'an ɗaukar ma'aikata, inda za a maimaita gwajin kamfanin rarraba kaya a gabansu, a mayar da zaman gwaji abin yi duk wata 3, a kuma naɗa mutum guda da zai riƙa bibiyar shirin jagoranci. Duk mai gyara ko ƙarin shawara ya aiko wa ofishin sakatare a rubuce kafin ranar taron, domin a saka ta cikin ajanda.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa