Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da babur

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Jiya da yamma na kira lambar ofishinku, ta yi ta ƙara har ta katse don kanta. Shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a.

Babur ɗin da na saya a hannunku kan naira miliyan 1 da dubu 150, da takardar garantin wata 6, bai kai rabin wa'adin ba ya ɗauke wuta ɗungurungum a hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Na murɗa makulli, ba fitila, ba hon, ba sigina, sitata ko tari bai yi ba. Yaranku suka ce batir ne, na sayi sabo dubu 18. Suka ce fiyus ne, aka sa wani, ya ƙone kafin in fita layinku.

Mai gyaran wuta na bakin tasha ne ya yi aikinku. Ya ɗora mita a kan tsohon batirin, ta nuna 12.6, wato lafiyarsa ƙalau. Ya duba wayar da ke ɗaure da jikin ƙarfe, ya duba makunni, sannan ya ɗaga tanki. Ga jar waya nan an matse ta a gefen ƙarfe, robar ta zare, jan ƙarfen ciki yana gogar firam, wurin ya yi baƙi. Duk fiyus ɗin da aka sa dole ya ƙone. Haka aka haɗo shi, ba ni na shiga ƙarƙashin tanki ba.

Ranar Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 11 da rabi, na nuna wa jami'inku hoton wurin da ya ƙone a wayata ta hannu. Ko karɓarta bai yi ba ya ce: "Malam, garanti bai shafi wuta ba. In riƙon babur ya fi ƙarfinka, ka sayi keke." A gaban mutane. Takardar tana hannuna, a nuna mini layin da aka rubuta haka.

Don Allah a canja mini wayoyin gaba ɗaya, ba naɗin salatif ba, a maido mini dubu 18 ɗina. Kuma ku kira duk wanda ya sayi irin wannan babur a duba ƙarƙashin tankinsa, domin mai gyaran ya ce ba nawa ne na farko ba. Wayar da ke tartsatsi a gindin tankin fetur kuke sayar wa talaka. In mako ya wuce shiru, zan kai takardun hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Naku,
wani mai babur daga Funtuwa