Mai Son Rage Ƙiba Ya Fara da Cokalin Mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan rage ƙiba. Tallan shayin sauke tumbi da bel ɗin ɗaure ciki da ƙwayoyin da ake cewa suna narkar da kitse ya cika wayoyin mutane, alhali bayanin da zai amfane su bai fi cikin shafi guda ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna cewa manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce ƙima, miliyan 890 daga cikinsu kuma sun kai matakin ƙibar da ake lissafawa a cuta. Duk inda mabuƙata suka yi yawa haka, kasuwar masu romon baka ta buɗe.

Kafin mutum ya rage ko loma ɗaya, ya fara sanin inda yake. Awon da likitoci ke amfani da shi, wanda ake kira BMI, ba wuya gare shi ba: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70, alal misali, zai raba 90 da 2.89 (wato 1.70 sau 1.70), ya sami 31. Daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi daidai yake, 25 zuwa 29.9 ya wuce ƙima, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Sai dai wannan awo bai san bambancin tsoka da kitse ba, shi ya sa tef ɗin tela ya fi shi faɗin gaskiya. A zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ɗan sama da cibiya, bayan an fitar da numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba. Abin da ake so, kada faɗin ya kai rabin tsawon mutum: mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Kitsen da ke kwance a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, fiye da na cinya ko damtse.

Burin farko kuma ƙarami ne: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata shida. Ga mai kilo 90, kilo 4.5 zuwa 9 ke nan. Wani zai raina wannan, amma wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba metformin, maganin ciwon sukari, nasu ya ragu da kashi 31 ne.

Yanzu ga lissafin da masu talla ba sa son a yi. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Idan abin da mutum ke ci ya gaza abin da jikinsa ke ƙonawa da kalori 500 kowace rana, a mako ya tara 3,500, wato kusan rabin kilo. Wanda ya yi maka alkawarin kilo 10 na kitse a mako biyu, yana nufin giɓin kalori 5,500 kullum, alhali yawancin manya 2,000 zuwa 2,500 suke buƙata a wuni. Ko bakinka ka ɗinke ba za ka kai ba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da jiki ke iya ɗauka.

To ina za a samo wannan 500 ɗin? A ganina, daga kwalbar man girki ya kamata a fara, domin nan ne ɓarnar da ido ba ya gani. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na mai, kowane iri ne, har da man zaitun da ake ta yabo, kalori 120 ne. Mai girkin da ke tuttulawa daga bakin kwalba da ƙiyasin ido, cokali huɗu ko biyar na iya shiga tukunya ba ta ankara ba. Gyaran kawai shi ne a riƙa aunawa da cokali, a kuma fifita dafawa da gasawa da turarawa a kan suya. Sai abin sha. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana da kusan giram 35 na sukari, wato ƙananan cokula tara, kalori 140. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a wuni ga babba, in da hali ma ya tsaya a 25. Wanda ya bar lemon kwalba ya koma ruwan 'ya'yan itace na kwali, an gudu ne ba a tsira ba, don sukarinsu kusan ɗaya ne. Haka wanda ya musanya sukari da zuma. Illar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya ƙosarwa: ka sha kalori 140, ka zauna ka ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba.

A haɗa su a gani. Gwangwani ɗaya da aka bari, 140. Cokali biyu na mai da aka rage daga rabon mutum, 240. Ƙananan cokula shida na sukari a shayin safe da na dare, kusan 100. An doshi 500 ke nan, ba a ko taɓa farantin ba tukuna.

Shi farantin, a raba shi da ido. Rabi na ganyaye da kayan lambu, kwata na furotin kamar wake ko ƙwai ko kifi ko kaza ko jan nama marar kitse, kwatan ƙarshe na sitaci, kamar shinkafa ko dankali ko taliya ko burodi, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Babu buƙatar haramta wa kai sitaci, yawansa ne matsala. Furotin kuwa kada a yi wasa da shi, domin shi ke riƙe ciki, shi ke kare tsoka lokacin da nauyi ke sauka. A nemi giram 25 zuwa 30 a kowane ci: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kusan 15, giram 100 na dafaffen kifi ko kaza 20 zuwa 30. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ƙara. Wanda bai saba da ganye da wake ba, ya ƙara su a hankali cikin mako biyu zuwa uku tare da shan ruwa sosai, in ba haka ba kumburin ciki da iska za su sa ya watsar da tsarin tun ba a je ko'ina ba. A kuma yi hattara da abincin da ake kira mai lafiya amma yana da nauyin kalori. Gyaɗa cikin tafin hannu, giram 30, kalori 170 ce, kuma wa ke tsayawa a tafi ɗaya?

Abincin leda da na kwali da masana'anta suka sarrafa ƙwarai yana da nasa makircin. A 2019, masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun ajiye mutum 20 a asibitin bincike, mako biyu suna cin irin wannan abinci, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a wuni, nauyinsu ya hau da kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma ya sauka da kwatankwacin haka. Abinci ne mai laushi da ke wucewa da sauri, kafin ciki ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi an riga an zarce.

Motsa jiki kuma, a faɗi gaskiyarsa. Mai kilo 70 da ya yi tafiyar sauri ta minti 30 ya ƙona kalori 140 ko kusa da haka, daidai da gwangwanin lemon nan. Wanda ya dawo daga atisaye ya saka wa kansa da kek da lemo, ya zuba ruwa a kwando. Amfanin motsa jiki a wani wurin yake: yana sa abin da ke zubewa ya zama kitse maimakon tsoka, yana taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari, yana sassauta hawan jini, kuma shi ne babban abin da ke hana nauyin da aka sauke dawowa. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Alamar matsakaici ita ce mutum na iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10 kullum, ya riƙa ƙara minti 5 duk mako. Mai nauyi sosai ya bar gudu da tsallen igiya tukuna, gwiwa da idon sawu ba za su yafe masa ba. Tafiya da keke da iyo sun ishe shi.

Kwana biyu a mako kuma a ba tsoka aiki, ko babu ƙarfe ko ɗaya: tashi da zama daga kujera ba tare da dafa komai ba, tura bango ko ƙasa da hannu, ɗaga kwalbar ruwa. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, a bar kwana ɗaya tsakani don tsokar ta huta. Atisayen ciki ko sau ɗari aka yi shi kullum, tsokar da ke ƙarƙashin teɓar yake ƙarfafawa, teɓar tana nan. Jiki ne ke zaɓar inda zai ɗebi kitse, ba mai jikin ba. Gumi kuma ruwa ne. Wanda ya naɗe cikinsa da leda ko bel ya zubar da lita guda, sikeli zai nuna kilo ɗaya ya tafi, da ya sha ruwa ya dawo.

Wurin da aka fi karaya shi ne mako na uku. A makon farko sikeli kan faɗi da kilo biyu ko fiye, murna ta kama mutum. Akasarin wannan ruwa ne: hanta da tsoka suna ajiye sukari, kowane giram nasa kuma yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa, da an taɓa ajiyar sai ruwan ya bi ta. Bayan nan sauka ta koma rabin kilo a mako, sai mutum ya ce tsarin ya daina aiki, alhali yanzu ne kitsen ya fara tafiya. Ga shi nauyi kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe saboda gishiri, ko abin da ke hanji, ko al'adar mata. Don haka a hau sikeli ɗaya, da safe, bayan an zaga, kafin a ci komai, a kuma kwatanta mako da mako. Bayan wasu watanni nauyi kan tsaya cak, saboda ƙaramin jiki ba ya ƙona abin da babba ke ƙonawa, kuma cokali ya soma cika da tozo ba a lura ba. Maganinsa a rubuta duk abin da ya shiga baki na kwana uku, har da ɗanɗanon miya a bakin murhu. Yawanci a nan ake kama ɓarawon. A duba barci ma, domin wanda ba ya samun awa bakwai, sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa a jininsa, na ƙoshi yana raguwa.

Masu horar da kansu da yunwa su ma su ji. Cin ƙasa da kalori 800 a wuni abu ne da ba a yi sai da kulawar likita. Saukar nauyi da gaggawa tana cinye tsoka, tana zubar da gashi, tana kuma jawo tsakuwa a maɗaciya, sannan mafi yawan lokaci yunwar ta yi nasara, nauyin ya dawo da rakiya.

Shayin sauke tumbi kuwa, da yawansa ganyen filasko ne ko wani abin da ke sa gudawa ko yawan fitsari. Filasko a babban hanji yake aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kalorin abincin. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki irin su fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke iya rikita bugun zuciya. Mafi muni, hukumomin magunguna sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na ganye zalla", maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai waɗanda sai sun ga likita kafin su fara. Mai juna biyu ba lokacin rage nauyi ba ne gare ta. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, in ya rage ci bai gyara maganin ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai shan magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone na tsawon lokaci, maganin na iya zama silar ƙibar, amma tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne. Wanda ƙirjinsa ke ciwo ko numfashinsa ke sarƙewa in ya yi tafiya, da wanda nauyinsa ya hau cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa, a duba musu zuciya da ƙoda. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, asibiti ya kamata ya nufa.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, duk tallan kayan rage ƙiba da aka kawo wa jaridar nan, a nemi mai shi ya nuna jerin abubuwan da ke ciki da lambar rajistar hukumar kula da magunguna kafin a buga, a kuma tambaye shi kilo nawa yake alkawari, a cikin kwana nawa.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum