Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi: A Baje Taswirar Sabon Awo A Gaban Jama'a Kafin A Kafa Turke

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talakawa ga uban ƙasarsu, da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya da yawan rai, mu ne manoma da masu lambu da makiyaya da 'yan tireda na ƙauyukan ƙasarka da birnin Kano ya matso har ya taɓa bakin gonakinsu. Mun zauna bayan sallar Juma'a, aka yi ta muhawara har la'asar, daga ƙarshe dattawa suka ce a rubuta, a kai wa Hakimi.

Abin da ya tashe mu shi ne taswirar sabon awo da aka zana wa yankinmu, wadda aka ce za ta fitar da filayen gidaje da tituna da kasuwa. Ba daga bakin hukuma muka fara jin labarinta ba. Daga bakin dillalai muka ji. Tun kafin a girbe gero suka fara sintiri a kan babura, suna taya gonakin da shekara da shekaru babu wanda ya taɓa tayawa, kuma abin mamaki, duk gonar da suka nace wa, daga baya sai a ji a bakin babban titi ta faɗa. Ruwa ba ya tsami banza, ranka ya daɗe. Wanda ya san inda titi zai bi tun kafin mai gona ya sani, wani ne ya nuna masa takarda.

Da maganar ta yi ƙarfi muka tura mutum uku su je su gano. Sun tarar da taswirar manne a jikin bangon wani ofis, can sama, da Turanci, layuka ja da shuɗi da kore sun sarƙe kamar saƙar gizo. Dattijon da ke cikinsu, wanda a wannan ƙasa aka binne cibiyarsa kuma babu kunyar gona ɗaya da bai san mai ita ba, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sai ya tambayi yaron da ya rako shi: "Ina gabas?" Yaron ma bai sani ba. Suka roƙi a ba su kwafi, aka ce babu izini. Suka ce su ɗauka a waya, aka ce mai ba da izinin ya fita. Haka suka dawo hannu rabbana. Bayan haka kuma muka ji ana cewa ai an baje taswira, jama'a sun gani, babu wanda ya yi ƙorafi.

Muna so mu faɗi wani abu tun da wuri, domin kada a juya mana magana. Ba mu ƙi awo ba. Mu ma 'ya'yanmu sun girma, suna neman inda za su ajiye iyali, kuma mun ga abin da awon igiya ya haifar. Hotoro da Sheka da Ɗorayi da Kurna da Rijiyar Zaki, iyayenmu sun san su suna gonaki da ƙauyuka. Inda aka bar mai gona da dillali suka ja igiya suka yanka yadda suka ga dama, yau akwai lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, akwai inda makara ma sai an karkata ta take wucewa, ba filin makaranta, ba magudanar ruwa. Babu mai hankalin da zai so wa jikokinsa haka. Tsari muke so, amma tsarin da aka yi da mu. Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane.

Ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Wani matashinmu da ya karanci tsara birane ya samu ya leƙa taswirar, ya zo ya zana mana ita a ƙasa da tsinke, ya sa duwatsu a matsayin masallaci da makaranta, sannan muka gane inda aka dosa. Kududdufin da ke yamma da gari, an yanka shi filaye. A takarda wuri ne fari fes, kamar kowane fili. Mu kuwa mun san duk ruwan da ya sauka a tudun arewa nan yake taruwa, ya kwana biyu, sannan ya sulale ta kwari ya faɗa rafi. Da rani nan ake ɗiban ƙasar gini, nan dabbobi ke sha har zuwa bazara. In aka cike shi aka ɗora gidaje, ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi sabon masauki, kuma ɗakunan matanmu ne mafi kusa. Cikin birni an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, kowa kuma yana ganin yadda tituna ke zama kogi duk watan Agusta. Mai zane ya zo da rani, ya auna busasshiyar ƙasa, ya koma ofis. Ba mu ce ya yi da mugunta ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a tambayi mai ɗakin ba.

Haka burtali. Hanyar shanun da ta ratsa tsakanin gonakinmu ta girmi kowa a cikinmu, ita ce ta hana mu faɗa da Fulanin da ke maƙwabtaka da mu tun kaka da kakanni. A taswira babu ita. An haɗe ta da filaye. Ranar da garke ya taso ya tarar da katanga, ta cikin shukar wani zai bi, kuma ƙarar a zaurenka za ta kwana, ba a ofishin mai zane ba.

Maƙabarta kuwa an bar ta, amma an matse ta ta kowace kusurwa, ba a bar mata ko taku ɗaya na faɗaɗawa ba. Ana shirin kawo dubban masu rai, ba a yi lissafin inda za a kwantar da su ba.

Ranka ya daɗe, ba mu jahilci doka gaba ɗaya ba. Mun san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, amma a matsayin amana ta damƙa masa, domin amfanin jama'a. Mun san sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe ƙasa idan maslahar jama'a ta buƙata, sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya. Sai dai diyyar ta abin da ke kan ƙasa ce, gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Wato mutumin da ya gaji gona, yake ci da iyalinsa daga cikinta, ana iya ƙirga masa ɗorawa biyu da mangwaro ɗaya a sallame shi. Shi ya sa muke tuna wa hukuma sashe na 6, inda aka ce wanda aka karɓe masa gonar da yake riƙe da ita bisa al'ada, ƙaramar hukuma ta ba shi wata ya ci gaba da noma. Wannan sashe ba mu taɓa jin an karanta shi a wurin taro ba.

Mun kuma san dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari, a karɓi ƙorafin jama'a a rubuce, a duba shi kafin a amince. An gaya mana Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara gari hurumin jiha ne. To, madalla. Ashe ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana kusa, kuma kai ne ka san hanyarta.

Shi wannan matashi namu ya ba mu labarin yadda ake yi a Ingila, ƙasar da muka gaji dokokin tsara gari daga wurinta. Idan ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin gidaje da gine-ginen yankinta, ba ita ke yanke wa kanta hukunci ba. Ana turo sufeto daga waje, wanda ba shi ya zana ba, ya zauna a bainar jama'a. Hukuma ta kare lissafinta: gida nawa, a ina, me ya sa nan ba can ba, ina ruwa zai bi. Wanda ya shigar da ƙorafi a ba shi dama ya yi magana. Sufeton na iya cewa a gyara, yana iya cewa tsarin bai tsayu ba. Da ya gama, wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Wannan ai zaman fada ne, sai dai su sun sa masa teburi." Gaskiyarsa. Mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidu a gaban wanda ba shi da rabo a cikin abin, mun san wannan tun kafin zuwan Bature. Abin da muke roƙo bai wuce haka ba.

Kano ma ba baƙuwar tsari ba ce. An yi mata babban tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan mai tsara shi, Trevallion. Gari ya bi wani ɓangare, ya tsallake wani, ya bazu har ƙananan hukumomi takwas suka zama gari ɗaya, Kumbotso da Ungogo a ciki. Tsarin da mutanen wuri ba su san da shi ba, babu mai tsare shi idan jami'i ya juya baya. Filin da aka ware wa makaranta, in jama'a sun san nasu ne, ranar da wani ya sauke bulo a kai za su fito. In ba su sani ba, sai dai su wayi gari su ga shaguna.

Don haka muke roƙon ka, Allah ya taimake ka, ka isar da kukanmu ga Shugaban ƙaramar hukuma da hukumomin ƙasa da tsara birane na jiha, da Majalisar Masarauta in ta kama, cewa a dakatar da kafa turaku da shafa jan fenti har sai an yi zaman jin bahasi a fili. A kawo taswirar nan garin, babba, a kafe ta a ƙofar gidan Dagaci da makarantar firamare, da sunayen wurare yadda muke kiransu, da bayani da Hausa, boko da ajami, domin da yawa daga dattawanmu ajami suke karantawa. A bar ta ta yi makonni, ba yini ɗaya ba. A yi shela a masallatai da rediyo, a sa rana wadda ba ta kasuwa ba, kuma ba a tsakiyar aikin damina ba. Wanda zai shugabanci zaman ya kasance ba shi da hannu a zanen, ba shi da fili a ciki. Duk ƙorafin da aka kawo a rubuta shi, a ba mai shi amsa a rubuce, ko da amsar a'a ce, a faɗi dalili.

Kafin zaman, muna so masu zanen su zo mu zaga da su da ƙafa. Mu nuna musu alamar da ruwa ya bari a jikin kuka, mu bi da su burtali daga farko har ƙarshe. Yini ɗaya ya isa, abincinsu a wuyanmu.

Akwai maganar kashe-mu-raba, wadda ake ta raɗe-raɗin da ita za a sallame mu, wato gwamnati ta yanka gona ta ɗauki wasu filaye ta bar wa mai gona wasu. Wasunmu sun yarda da ita, wasu ba su yarda ba, kuma ba mu ɓoye maka wannan saɓani ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne a faɗi kason a fili tun yanzu, a rubuta, ya zama ɗaya ga mai ƙarfi da mara ƙarfi, kuma mutum ya san a ina nasa zai faɗo. An sha ganin mai gonar bakin titi an jefa shi can ƙurya cikin kwari, nasa wurin ya koma hannun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba.

A kuma duba waɗanda sunansu ba ya hawa takarda. Gonakinmu da yawa na gado ne da ba a raba ba, babban wa ke riƙe da su, alhali akwai mata da marayu a ciki. Akwai mai noma gonar aro, akwai mai riƙe da jingina. Akwai wata gwauruwa a cikinmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ɗan lambun da take shuka yakuwa da kuɓewa a gefen kududdufin nan shi ne cefanenta. Ba ta da takarda ko ɗaya. Ranar da muka yi taro ba ta shigo ba, ta tsaya daga bayan katanga ta aiko yaro ya ce a tambaya mata ko ita ma za a kira sunanta. Ba mu da amsar da za mu ba ta. Muna roƙon a yi rajistar masu haƙƙi a gaban Dagaci da masu unguwa da limamai, a karanta sunaye da ƙarfi kowa ya ji, a kuma keɓe wa mata zama nasu inda za su iya magana.

Mun ja kunnen matasanmu: kada wanda ya tuge turke, kada wanda ya tare ma'aikaci. Sun ji, sun bi, amma kullum tambayarmu suke yi ina aka kwana. Mun ce musu magana tana gaban Hakimi.

Tare da wannan takarda akwai sa hannu da dangwalen yatsa na magidanta da matan da suka amince da ita, da zanen da muka yi da hannunmu na hanyar ruwa da burtali da iyakar maƙabarta. A shirye muke mu zo gabanka duk ranar da ka kira mu.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka nasara. Wassalam.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Shugaba da Sakataren kwamitin da jama'a suka wakilta,
a madadin manoma, masu lambu, makiyaya, mata da matasan ƙauyukanmu.