Baffana ya kulle mini fasfo saboda zan tafi aikin farauta

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara maka lafiya da basira. Daga Mai Wurno nake rubuto maka, nan kudu da Sinnar a ƙasar Sudan. Don Allah a sakaya sunana, garinmu kowa ya san kowa.

Raina a ɓace yake, in ka ga maganata tana hawa kan juna ka yi haƙuri. Baffana, ƙanin mahaifina, ya shiga ɗakin Inna ba na nan, ya buɗe akwatinta ya ɗauke fasfo ɗina. Kuma bai kira ni mun yi magana ta cikin gida ba. Sai bayan isha'i, a ƙofar masallaci, dattawan unguwa na zaune, ya ce wai ɗan yayansa zai watsar da jami'a ya tafi ya zama karen farautar Larabawa. Ina tsaye a wurin, Malam. Babu wanda ya ce masa kul.

Bari in koma baya don ka gane. Mu jikokin waɗanda suka biyo Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda garinmu ya ci sunansa, bayan yaƙin Burmi na 1903 a ƙasar Hausa, da niyyar hajji suka fito, Allah ya ajiye su a bakin kogin nan. Wasu suka kama noma, wasu kamun kifi, gidanmu kuwa daji aka sani. Marigayi Baba mai bin sawu ne. Kafin yaƙi, duk sanyi Larabawan Saudiyya da na sauran ƙasashen Khalij (yankin Gulf) sukan zo da shahunansu farautar tsuntsun da suke kira hubara, dangin tuje, a filin Buɗana, kuma Baba ne jagoran wasu daga cikinsu. Da takardar gwamnati suke zuwa. Ina nanata wannan don Baffa yana magana kamar ɓarayin daji muke. Gandun Dindir ga shi nan kusa da mu, tun 1935 aka keɓe shi, kuma har Baba ya koma ga Allah bai taɓa harba ko zomo a cikinsa ba. Ya sha mayar da baƙo baya don ya nemi a kai shi can.

Tun ina ƙarami nake bin sa. Shi ya nuna mini sawun hubara, yatsu uku ne duk a gaba, babu na baya. Yakan durƙusa ya hura iska a hankali a kan sawun, in gefensa bai zube ba kuma buzuzu bai ratsa ta kai ba, ya ce ta safen nan ce, tana kusa, a kashe mota. Sannan a cire wa shaho hular fatar da ke rufe masa ido. Wannan ilimi ne, ko Baffa ya yarda ko bai yarda ba. Da shi aka gina ɗakunan da Baffan yake zaune a ciki yau.

To, karatun. A 2018 na shiga jami'a a Madani, fannin kiwon dabbobi, karatun shekara 5. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Muna farawa zanga-zanga ta tashi aka rufe makarantu, aka buɗe korona ta zo a 2020, sannan juyin mulkin Oktoban 2021. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, a Disamba Madani ta faɗi, na baro littattafaina da katifata na fito da rigar jikina. Da yaƙin ya iso Sinja, nan kusa da mu, a ƙarshen Yunin 2024, ni na kwashi Inna da ƙannena zuwa Gadarif. Ni na yi yankan riɗi a gonakin mutane muka ci abinci. Baffa a lokacin iyalinsa kawai ya sani. Yanzu an dawo, an ce a zo a ƙarasa, saura mini shekara ɗaya da binciken kammalawa, bayan nan kuma ga hidimar ƙasa. Waɗanda suka riga ni gamawa na gan su, wani raksha, babur mai ƙafa uku, yake ja, wani yana sayar da katin waya. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce na kuɗinmu, yau ta haura 2,000 tun tuni. Wane albashi zan jira?

Ana cikin haka ɗan wani Balarabe da Baba ya yi wa jagora shekaru ya neme ni ta WhatsApp. Da ya ji Baba ya rasu har kuka ya yi a waya, ya turo wa Inna kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ya ce yana da sansani a arewacin Saudiyya, yana neman wanda ya san sawu kuma ya iya kula da tsuntsu, in zo in riƙa fita da baƙinsa. A can lokacin farauta daga farkon Satumba ne zuwa ƙarshen Janairu, komai da lasisi, hukumar namun daji ce ke faɗin abin da za a kama da wanda aka hana. Abin da zai ba ni a wata, in an canza, ya riƙe gidanmu har da maganin hawan jinin Inna. Kuma ga Ka'aba, wadda kakannina suka baro gida dominta. Ƙwai a baka ai ya fi kaza a akurki. Sai dai lokacin ya faɗa daidai kan zangon karatu, ba yadda za a haɗa biyun.

Baffa yana ta yayata cewa shi ya biya mini kuɗin makaranta. Da kuɗin wa? Gonar Baba ce a hannunsa tun rasuwar, ba a raba gado ba har yau, buhu nawa ake samu ba mu sani ba. In Inna ta tambaya sai ya ce mace ba ta shiga lissafin maza. Ni a ganina ba karatuna ne ya dame shi ba. Yana tsoron in samu abin hannuna in dawo in ce a zauna a raba. Kuma yana son a riƙa cewa surukinsa mai digiri ne.

Na manta ban faɗa maka ba, 'yarsa ce aka yi mini alkawari tun Baba na da rai. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Ya rantse a gaban mutane in na sa ƙafa a Bur Sudan da niyyar tafiya, ya warware maganar, akwai mai shago a Sinnar da ke nema. Ita ba ta ce mini komai ba. Ta aiko ƙaninta da sassafe da shayi a fulas, ya ajiye ya tafi, ko saƙo babu. Ban san ko cewa take in zauna ko in tafi ba, kuma an hana ta waya.

Akwai abu guda da ban gaya wa kowa a gida ba. Bizar da aka turo ba jagoran farauta aka rubuta ba, direban gida aka rubuta, mutumin ya ce ita ce mai sauƙin fita. Wani abokina da ke Jidda ya ce in yi hattara, abin da aka rubuta a iƙama, wato takardar izinin zama, shi hukuma ta sani, kuma ya san waɗanda aka kai da daɗin baki suka ƙare a kiwon raƙuma, ba su da ikon sauya kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarsu. Ni ban ɗauka ɗan mutumin da ya ci abinci a kwano ɗaya da Baba zai yi mini haka ba. Amma in Baffa ya ji wannan, shi ke nan ya samu abin kamawa. Jami'a kuma an ce ana iya dakatar da shekara a dawo, to wa zai tabbatar mini za ta kasance a buɗe in na dawo, ko ni ɗin zan iya komawa aji bayan na saba da kuɗi? Inna kullum kuka, yau ta ce in bi Baffa a zauna lafiya, gobe ta ce ubanka da daji ya rufa mana asiri.

Malam, ka gaya mini tsakani da Allah, baffa yana da haƙƙin uba a kaina har ya riƙe mini takarda? In na kai ƙararsa gaban Sarki a kan fasfon da gonar, na yanke zumunci ke nan? Kuma ta wace hanya zan ji ta bakin yarinyar nan ba tare da na jawo mata duka ba? Mutumin ya ce ba zai jira ni ya wuce ƙarshen wata ba. Don Allah ka amsa mini a shirin wannan makon.

Wassalam,
ɗalibinka daga Mai Wurno.