Rahoton Kwamitin Gyaran Rumfar Koyon Aikin Ƙarfe da Injin Sassaƙa

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran jama'ar unguwa. Aikin da kuka ɗora mana na gyara rumfar da matasa ke koyon aikin ƙarfe, da tayar da tsohon injin sassaƙa ƙarfen da ke cikinta, ya kammala da yardar Allah. Ga bayanin abin da muka tarar da abin da muka yi.

Ranar da muka fara buɗe rumfar, bayan ruwan watan Agusta, abin ya sosa mana rai. Kwanon rufi ya huje daidai saman injin, ruwa ya yi ta ɗiga a kan gadonsa, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da sassan injin ke zaune a kai, har tsatsa ta yi ja wur. Daɓen ƙasa ya zaizaye ta gefe guda, ƙafa ɗaya ta injin ta nutse, an cusa mata guntun katako. Wannan inji kyauta ce daga wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a masana'antun Bompai, ya ba da shi don yaran unguwa su samu abin yi da hannunsu. Ganinsa a haka ya sa muka ji kunyarsa.

Ginin bai ba mu wahala ba. Mun sayo kwano, katako da siminti a kasuwar Ƙofar Ruwa, kafinta ya sauya rufin gaba ɗaya, magini ya ɗaga bango ya toshe kafofin da iska ke shigowa, aka sa taga mai gilashi. A wurin da injin zai zauna an haƙa ƙasa an zuba kankare mai kauri, aka bar shi ya sha ruwa ya bushe sosai kafin a ɗora masa nauyi.

Injin ne ya ci mana lokaci. Mun roƙi Baba mai kyautar ya zo ya duba, ya zo da sandarsa, ya shafa gadon da yatsa, ya shinshina, ya ce: "'Ya'yana, wa ya sa wa wannan giris?" Ashe yaran, da kyakkyawar niyya, suna shafa giris a kan layukan gadon da kujerar wuƙa, wato sashen da ke riƙe wuƙar sassaƙa, ke zamewa a kai, wani lokaci kuma su zuba baƙin man da aka juye daga mota. Baba ya yi mana bayanin da ba za mu manta ba. Giris yana riƙe ɓarɓashin ƙarfe da ƙura, su cakuɗe su zama kamar dutsen wasa wuƙa, duk tafiyar da kujerar ta yi tana cin gadon. Baƙin mai kuwa dama cike yake da dattin inji. Ko sabon man mota ma ba a yi shi don wannan aiki ba, domin an haɗa shi ne ya riƙe datti har ya kai ga matatar mota, shi kuwa wannan inji ba shi da matata. Abin da layukan ke so shi ne mai na musamman mai ɗanko, mai lamba ISO 68 (lambar da ke nuna kaurin mai), wanda ke manne wa ƙarfe ba ya tsiyayewa. Sai da muka zaga shaguna da dama a Sabon Gari kafin muka same shi, kuma a ganinmu wahalar ta biya.

Mun kwance kujerar wuƙa da bakin da ke kama ƙarfe, muka wanke su da kananzir da buroshi. Tsatsar gadon an bi ta a hankali da mai da tsumma, Baba ya hana a kusanto da sanfefa mai kaushi ko injin gurza. Ƙananan ramukan zuba mai, masu ɗan ƙwallo a baki, kusan duk sun toshe. Aka buɗe su ɗaya bayan ɗaya har mai ya riƙa fitowa ta ƙarƙashi. An sauya ƙyallayen da ke share layuka a gaban kujera, an juye tsohon man akwatin giya aka zuba sabo zuwa tsakiyar gilashin dubawa, an sa sabon bel. Daga nan aka daidaita zaman injin da ma'auni, domin gadon da ya murɗe ko kaɗan ne yana sa sandar ƙarfe ta fito kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Da aka gwada, bambancin bai kai kaurin gashin kai ba. Akwai ɗan cin da gadon ya yi kusa da baki, inda aka fi aiki. Wannan ba ya gyaruwa a wurinmu, amma ba zai hana mai koyo aiki ba.

Saboda hunturu na tafe, kuma kowa ya san ƙurar Kano, mun ɗinka wa injin rigar tamfol, mun kuma liƙa ƙa'idoji a bango. Kafin a kunna, a share layuka a ɗiga musu mai, a bi ramukan mai, a leƙa gilashin giya. Bayan an gama, a kwashe ɓarɓashi da buroshi, ban da hannu, ban da hura iska, don iska cusa shi take yi cikin lungunan injin. Makullin baki kada a bar shi a jikin bakin ko na minti ɗaya, kuma ba a tsayawa gaban inji da babbar riga ko hannun riga a sake.

Muna godiya ga duk wanda ya ba da kuɗi, ko ƙarfinsa, ko ruwan sha ga ma'aikata, musamman iyayenmu mata da adashinsu ya sayi man. Lissafin shiga da fita yana hannun ma'aji ga mai son dubawa. Abin da ya rage shi ne gilasan kare ido, guda biyu kawai muke da su, don haka yara biyu ne za su riƙa shiga a lokaci guda har a samu ƙari. Baba ya amince zai riƙa zama da su Asabar da Lahadi bayan La'asar. Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka wa kowa da alheri.