Sanarwa: Darasin Asabar kan envy da jealousy

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Darasinmu na Turanci zai kasance ranar Asabar, ƙarfe 8:30 na dare bayan sallar isha'i, a nan cikin rukuni. Za mu tsaya kan envy da jealousy, domin a aikin makon jiya da yawanmu sun cakuɗa su.

Envy shi ne jin ina ma abin da wani ya samu naka ne, wato ƙyashi ko hassada, kodayake idan Bature ya ce "I envy you" sau da yawa sha'awa ce kawai, ba mugun nufi. Jealousy kuwa asalinsa kishi ne, tsoron kada wani ya raba ka da abin da ke hannunka, kamar tsakanin kishiyoyi. A hira ana saka jealous a gurbin envious, amma envy ba ya zama kishin aure. A kula kuma, envious of ake cewa, ba envious on ba. Covet da enviable sai ranar.

Kowa ya turo jumla uku, da envy, envious da jealous, kafin daren Alhamis. A rubuce don Allah, ban da saƙon murya, saboda gyara.

Allah ya ƙara mana basira.