Wasiƙar godiya ga masu shagon kifin ado na cikin garin Sakkwato

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam mai shago da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuta godiyata a bainar jama'a, domin abin da kuka yi mana ya wuce a ce "na gode" a bakin ƙofa a wuce. Mun saba da ɗan kasuwar da zai cika maka leda da duk abin da ka nuna da yatsa, ya karɓi kuɗinsa, abin da ya biyo baya kuma kai ka sani. Ku kuwa da kuɗina a hannu kuka ƙi sayar mini da kifi, kuka ce in bari sai ruwa ya nuna. Wannan ƙin da kuka yi shi ne babban dalilin wannan takarda.

Mahaifina masunci ne. Ƙuruciyarsa duk a kogin Rima ta ƙare, ta wajen Kwalkwalawa, kuma har gobe ya fi sanin halin tarwaɗa da karfasa da kurungu a kan halin jikokinsa. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gidana a Mabera, ga shi ba mai son talabijin ba. Shi ya sa muka yi shawarar a kafa masa akwatin kifi na gilashi a ɗakinsa. Da ya ji, abin da ya ce shi ne: "Mi za a yi da kihin da ba a ci?" Amma bai hana ba.

Abu na farko da Malam ya yi shi ne tambaya, ba talla ba. Ina za a ajiye akwatin? Ruwan famfo muke sha ko na burtsatse? Yaya wutar unguwarmu take? Akwai yara ƙanana? Sai da ya gama jin amsa sannan ya nuna mini akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, ya buga lissafin a gabana: lita 112, wato jarka huɗu da rabi ta 'yan ga-ruwa. Ya ce sabon shiga bai kamata ya fara da ɗan ƙaramin tulun gilashin nan da ake gani a teburin ofis ba, don ruwa kaɗan ya fi saurin ɓaci, ya fi saurin ɗaukar zafi da sanyi. Ya kuma tuna mini cewa kowace lita kilo ɗaya ce, idan aka haɗa da gilashi da tsakuwa nauyin zai kai wajen kilo 130, teburin katako na ɗaki ba zai ɗauka ba. Mai walda ya haɗa mana mazauni na ƙarfe, yaranku suka zo har gida suka daidaita shi kada ya karkace, suka shimfiɗa roba mai laushi a ƙasan gilashin, suka kuma matsar da shi daga jikin taga, saboda hasken rana kai tsaye gansakuka yake haifarwa, ya kuma dafa ruwan.

Tsakuwa da 'yan duwatsu da tsirran ruwa ba su ɗauki lokaci ba. An wanke su da ruwa zalla, ba sabulu ba omo, aka jera.

Ruwan ne ya ɗauki magana. Kun ce in kawo na gidanmu a gora ku gwada. Namu na burtsatse ne, ya fito mai ɗauke da ma'adinai da yawa, irin wanda ke barin farin dabbare a cikin tukunyar shayi. Ba ku ce a gyara shi da magunguna ba. Kuka ce a zaɓi kifin da irin wannan ruwa ya karɓe shi. Mai amfani da ruwan famfo kuma kun ce damuwarsa sinadarin kulorin ce, wanda ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, amma yana ƙona wa kifi mashaƙa. Ko a ɗiga maganin da ke kashe ƙarfinsa, ko aƙalla a bar ruwan a buɗe ya kwana ya wuni kafin a zuba.

Daga nan muka zo inda kuka ƙi ni. Malam ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da na tashi a gidan masunta. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa da ta kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma haka. A kogi ruwa mai gudu yana tafiya da ita. A cikin gilashi ba inda za ta je, kuma guba ce ko da kaɗan. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, da ke zama a jikin tsakuwa da soson matatar ruwa, wato abin da ke tace ruwan akwatin. Kashi ɗaya suna mai da amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mai da naitirait ya koma naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, shi kuma canjin ruwa da tsirrai ke rage shi. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi a wadace, kuma kafin su yawaita akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Duk wanda ya zuba kifi tun ranar farko, a cikin kwanakin nan ne zai fara tsince su ɗaya bayan ɗaya, ga ruwa garau, ya ce ko baki ne ko an sayar masa da marasa lafiya.

Don a rage jiran, Malam ya ciro tsohon soso daga ɗaya daga cikin akwatunan shagon da suka daɗe suna aiki lafiya, ya ba ni a leda da ruwansa, ya ce in hanzarta in sa a namu kafin ya bushe. Ya ce kamar kindirmo ne, sai an zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara take kamawa. Ko kwabo bai karɓa a kan soson ba. Ya ce kullum in ɗan barbaɗa abincin kifi a cikin ruwan da ba kowa, don ƙwayoyin su samu abin ci, in kuma riƙa kawo ruwan ana ɗiga masa maganin gwaji ana duba launi. Da Baba ya ga ina ciyar da akwati wayam, sai ya kira maƙwabcinmu ya ce ya zo ya ga masu kiwon ruwa. Kun gwada mana ba tare da gajiya ba har ranar da amoniya da naitirait suka sauka sifili, naitiret ya bayyana. A ranar ne kuka ce to, yanzu a yi maganar kifi.

Wani abin da ya sa na yarda da ku shi ne ba karatun ƙasar sanyi kuka kwaso kuka juye mana ba. Kifayen nan na ƙasashen zafi sun fi jin daɗin ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Wanda ke Ingila damuwarsa yadda zai ɗumama ruwan ne. Mu a Sakkwato damuwa biyu ce. A watan Afrilu da Mayu zafin gari yana haura digiri 40, ruwan cikin ɗaki ma ya wuce 30, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Nan ne Baba ya fara sauraron Malam da kunnen gaske, don ya ce ya san wannan: idan tafki ya ja baya da bazara, da asuba za ka tarar da kifi sun taso sama suna buɗe baki. Malam ya ce, "Ranka shi daɗe Baba, abin da za mu hana ke nan." Maganin da kuka ba mu mai araha ne: a cire murfi a sa raga, a kunna ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, a ƙara ƙarfin injin da ke hura iska cikin ruwan, a rage abinci. In abin ya tsananta, a saka gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, kada a jefa ƙanƙarar kanta, kada kuma a sauke zafin farat ɗaya. Da hunturu kuma lamarin ya juya, a Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 20, sai a sa hita mai wat 100 da ke kashe kanta idan ruwa ya kai 26, a mai da murfi saboda ƙura. Kun manna mana ma'aunin zafi a jikin gilashin, yanzu Baba ne ke karanta shi safe da yamma.

Batun wuta ma ba ku yi kamar ba ku san garin da muke ba. Akwai manyan matatai masu tsada a shagon, amma kuka ba mu matatar soso da ƙaramin injin iska mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta, kuma cin wutarsa kaɗan ne, 'yar solar gidan tana ɗaukarsa. Dalilinku shi ne ƙwayoyin cikin matata su ma iska suke buƙata. In ta tsaya na dogon lokaci sai su fara mutuwa, aikin makonni ya koma baya. Ni a ganina wanda zai iya sayar maka da mai tsada ya nuna maka mai araha don shi ya dace da kai, ya gama nuna irin tarbiyyarsa.

Wajen zaɓen kifi an sha muhawara. 'Yata ta maƙale wa niyon tetira, masu layin shuɗi da ja. Malam ya lallashe ta ya ce, "'Yata, wagga ba ta garinmu ba ce." Asalinsu kogunan yankin Amazon ne, ruwa mai laushi marar ma'adinai da yawa suke so, kuma zafin bazararmu ya fi ƙarfinsu. Kifin zinariya, wanda asalinsa Sin ne, ruwa mai ɗan sanyi ya fi so, yana girma sosai, ga yawan ƙazanta. Fileko mai lasar gilashi, da ake sayarwa ɗan tsito, yakan kai santimita 30 ko fiye. Duk kuna da su, duk kun hana. Abin da kuka ba mu shi ne gupi da moli, masu son irin ruwanmu mai ma'adinai, waɗanda ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa masu iyo. Kuka ce kowane namiji a haɗa shi da mata biyu ko uku don kada ya matsa wa ɗaya. Daga baya aka ƙara gurami, wanda Allah ya yi masa wata gaɓa da yake iya shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ke taimaka masa a lokacin zafi. Kuma ba a zuba su gaba ɗaya ba, kaɗan kaɗan ne, da tazara, don ƙwayoyin matata su riƙa cim ma ƙarin ƙazantar. Kowane zuwa sai ledar ta yi iyo a saman ruwan minti 15 zuwa 20, a riƙa ɗan zuba mata ruwan akwatin, sannan a kamo kifin da raga, ruwan ledar a zubar waje.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, domin da ba ku faɗa ba da ba zai zo mana a rai ba: maganin sauro. Na feshi da na igiya da fiya-fiya, sinadaran cikinsu suna kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa, kuma injin iska iskar ɗakin yake zuƙa ya tura ciki. Tun daga ranar aka daina feshi a ɗakin Baba, gidan sauro ya wadatar. Uwargida ma ta mai da kaskon turaren wutarta falo, ba da son ranta ba.

Sauran aikin bai da yawa. Kowane mako a zuƙe jarka ɗaya da tiyo daga cikin tsakuwa a mai da sabon ruwa mai zafi daidai da na ciki. Soson matata a matse shi a cikin ruwan da aka cire, ba a ƙarƙashin famfo ba. Fitilar akwatin a kunna ta awa 6 zuwa 8 a rana. Abinci gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 2. Wannan ne muke fama da jikoki a kai, don kowa so yake a ce shi ya ba su. Lokacin da sanyi ya shigo muka ga ɗigo-ɗigon fari a jikin moli ɗaya yana goga jikinsa a dutse, na turo hoto ta WhatsApp bayan sallar isha'i, ban yi zaton amsa ba sai da safe. Nan take Malam ya kira, ya ce ciwon farin ɗigo ne, ƙwayar cuta ce da ke samun dama idan zafin ruwa yana hawa da sauka, ya faɗi yadda za a ba da magani, ya jaddada a ci gaba da shi ko bayan ɗigon ya ɓace, don maganin ba ya kama ƙwayar sai ta bar jikin kifi ta shiga ruwa. Ba mu yi asarar ko ɗaya ba.

Ina da roƙo biyu. Na farko, wannan bayani da Malam ke yi da baki ga duk wanda ya zauna a bencin nan, a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, ko da shafi ɗaya ne, a riƙa ba masu saye, don ba kowa ke iya riƙewa ba. Na biyu daga Baba ne. Tun da ya ji Malam ya ambaci kiribensis, mai jan ciki, cewa asalinsa kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne kuma uwa da uba tare suke gadin 'ya'yansu a cikin kogo, ya ƙi barin maganar. Kun ce ba a haɗa shi da gupi a matsattsen wuri saboda yakan yi faɗa lokacin haihuwa, sai dai a yi masa nasa akwatin. To mai walda ya riga ya auna ɗayan bangon, sai ku ajiye mana wani tsohon soson.

Allah ya sa albarka a kasuwarku, ya saka wa Malam da yaransa da alheri.

Wassalam.

Naku,
Ɗan masunci daga Mabera, Sakkwato.